Robert Bárány: Likitan kunne da kyautar Nobel ta riska a tsare

An haifi Robert Bárány a Vienna, babban birnin Ostiriya, a 1876. A asibitin kunne na Adam Politzer ya lura cewa idan aka wanke wa majinyaci kunne da ruwa mai sanyi ko mai ɗumi, jiri kan kwashe shi, idanunsa su riƙa rawa. Ya gano cewa ruwan da ke can cikin kunne, mai daidaita tsayuwar mutum, shi ke motsawa. Nan ne tushen gwajin da likitoci ke yi wa masu hajijiya har yau.

Albishir ɗin kyautar Nobel ta 1914 ya riske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Da aka sake shi, abokan aikinsa suka zarge shi da satar fasaha, ya ƙaura Uppsala ta ƙasar Suwidin, inda ya rasu a 1936.