Sivaji Ganesan, Gwanin Silima na Ƙasar Tamil

Masu kallon silimar Indiya a jihar Maradi sun fi sanin wasannin birnin Bombai, waɗanda ake yi da harshen Hindi. Amma a kudancin ƙasar akwai Tamilawa, masu harshensu da silimarsu, kuma babban gwaninsu shi ne Sivaji Ganesan.

An haife shi ran 1 ga watan Oktoba 1928 a garin Villupuram. Iyayensa talakawa ne. Tun yana ƙaramin yaro ya bar gida ya bi ƙungiyar masu wasan kwaikwayo da ke yawo gari-gari, inda ya yi ta fitowa a matsayin mace, kamar yadda ake sa yara maza a wancan zamani. Can ya koyi ɗaga murya da haddar dogon zance. Sunansa na yanka Ganesan. Sivaji laƙabi ne da ya samu bayan ya kwaikwayi wani sarki mai wannan suna a dandali, laƙabin kuma ya bi shi har kabari.

Fim ɗinsa na farko, Parasakthi, ya fito a 1952. A 1960, a bikin silimar Afirka da Asiya da aka yi a Alƙahira, shi aka zaɓa gwanin ƴan wasa.

Sai dai inda ya fi shiga zukatan jama'a shi ne wasannin zaman iyali. A 1966 ya fito a Motor Sundaram Pillai, wanda kamfanin Gemini na Madaras ya juya daga wani fim nasa na Hindi mai suna Grahasti, na 1963. Labarin wani attajiri ne mai ƴaƴa da yawa, mutumin kirki a idon kowa, wanda kowane mako yakan bar gida na ƴan kwanaki. Ashe yana da wata mata da wasu ƴaƴa a ɓoye. Manomin Gidan Sori zai yi mamakin wannan tashin hankali, tun da a wurinmu da rana tsaka ake ɗaura auren mata ta biyu, da goro da shaidu. To, a Indiya dokar 1955 ta hana mabiya addinin Hindu yin mata biyu, saboda haka ranar da asiri ya tonu, mutuncin gidan duka ne ya shiga haɗari. Sivaji yana da shekara 37 kawai, amma ya ɗauki matsayin uban manyan ƴaƴa, ya yi shi da natsuwa, ba tare da hargowar da aka saba ji daga gare shi ba.

Aron labari ba ta hanya ɗaya yake tafiya ba. Pasamalar, wasansa na 1961 a kan ƙaunar wa da ƙanwa, an mai da shi Rakhi da harshen Hindi a 1962.

Siyasa kam ba ta karɓe shi ba. Ya zauna a majalisar dattawan Indiya daga 1982, ya kafa jam'iyyarsa a 1988, ya sha kaye a zaɓen 1989. Gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta fasaha da adabi a 1995. Ya rasu ran 21 ga watan Yuli 2001 a Madaras, wadda ake kira Chennai yanzu, bayan ya fito a fim kusan 300.