Tafawa Ɓalewa: Malamin makarantar da ya rubuta labarin tsallaka Sahara tun 1933

A Najeriya hotonsa ne a jikin takardar naira biyar, kuma a littattafan tarihi shi ne Firaministan ƙasar na farko. Sai dai shekara 24 kafin ya hau wannan kujera, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetare da shi hamada, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma aka sayar da ita. Duk wanda ya san abin da ke faruwa a tashoshin motocin Agadez a yau zai ga labarin bai tsufa ba.

An haife shi a watan Disambar 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba basarake ba ne, hidima yake yi a gidan hakimin Lere. Mahaifiyarsa kuma sunanta Fatima Inna. Bayan karatun allo ya shiga makarantar boko a Bauchi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, inda ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Ya kammala a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil.

A shekarar ce wani Bature, Rupert East, da ke jagorantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Gasar ta haifar da littattafai biyar da har gobe ake karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, sai Shaihu Umar. Ɓalewa bai wuce shekara 21 ba a lokacin.

Nasa ya fita daban. Imam ya cika littafinsa da raha da damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna, Bello Kagara kuma ya kai jaruminsa har duniyar aljanu. Ɓalewa bai nemi ba kowa dariya ba. Ya zaunar da wani shaihin malami a Rauta, kusa da Bauchi, yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa cikin natsuwa, kamar yadda dattijo zai yi bayan an tashi daga karatu.

Umar ɗan Kagara ne, maraya. Mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, wanda 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri bayan an dawo daga harin kamen bayi, sarki ya kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun ƙawarta, kafin ta dawo an sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya isa Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Ɓangaren uwar ne ya fi ciwo. Ta fito neman ɗanta, wani ya yi mata alkawarin zai kai ta inda yake, ya yaudare ta, ta ƙare a matsayin baiwa a Murzuk, daga baya aka kai ta Tarabulus. A can Umar ya same ta bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira.

Abin lura shi ne marubucin bai tsaya yi wa mai karatu wa'azi a kan bauta ba. Abdulkarim fataucin bayi yake yi, amma kuma shi ne mutumin kirkin da ya raini Umar. Wasu na ganin wannan sassauci ne ga mugun ciniki. Ana kuma iya cewa nan ne ƙarfin littafin yake, domin ya nuna yadda sayar da mutum ya zama ruwan dare har masu sallah da salati ba sa ganin aibinsa.

Siyasa ce ta raba shi da alƙalami. A Bauchi ya zauna cikin ƙungiyar tattaunawa ta 'yan boko tare da Sa'adu Zungur da Aminu Kano. Ya je karatun koyarwa a Jami'ar Landan a 1945, ya dawo a 1946 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Arewa. A watan Agustan 1950 ya gabatar da ƙudurin da ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, abin da bai yi wa sarakuna da dama daɗi ba. Ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya na sufuri, sannan Firaminista a 1957 a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, wadda Sardauna ke shugabanta. Shi ya karɓi takardun 'yancin kai a Legas ranar 1 ga Oktoban 1960. Iya maganarsa da Turanci ta sa ake masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Hamada ta sake shigowa rayuwarsa ta wata ƙofar. A watan Janairun 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Yana kuma cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

A cikin gida kuwa abubuwa sun yi ta dagulewa: rikicin Yankin Yamma, ɗaure Obafemi Awolowo a 1963, taƙaddamar ƙidayar jama'a, da zaɓukan 1964 da 1965 da suka bar baya da ƙura. Masu sukarsa sun zarge shi da jan ƙafa da kuma kasa fita daga inuwar Sardauna. Kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila a Legas, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a daren juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka binne.

Littafin ya ci gaba da tafiya ba tare da shi ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan a 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru da dama, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Fim ɗin Halilu ya bar labarin a zamaninsa, ƙarshen ƙarni na 19. Wanda zai sake ɗaukarsa yanzu ba ya bukatar raƙuma. Tsohuwar hanyar fatake daga Kukawa zuwa Murzuk da Tarabulus ta Bilma take bi, cikin jihar Agadez ta yau, kuma motocin Hilux da ke tashi daga Agadez suna bi ta Dirkou zuwa kudancin Libiya kusan sawun ayarin suke takawa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kantche a jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna hoton bidiyon yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure a Nijar kuma an soke ta a Nuwamban 2023.

Ke nan duk mutanen littafin suna nan: mai alkawarin kai ka inda ba zai kai ka ba, mai gidan da ke kyautata maka alhali yana cin riba da irinka, da uwar da ta bar gida don neman ɗa. Haɗarin da ke gaban duk furodusan Kannywood da zai taɓa shi shi ne jarabar cusa soyayya da waƙa a inda marubucin bai sa ba, da kuma mayar da Abdulkarim mugu tsantsa don a samu wanda za a tsana. Akwai kuma batun kuɗi, domin ɗaukar fim a hamada ba irin ɗaukarsa a falon wani gida a Kano ba ne, ga matsalar tsaro. Amma ba sabon abu ba ne a Agadez: a yankin ne Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa The Sheltering Sky da ya fito a 1990, shi ma daga littafi aka ciro shi, kuma Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka taimaka masa da aikin.