Orlando Martins

Orlando Martins (8 ga Disamba 1899 – 25 ga Satumba 1985) ɗan wasan kwaikwayo ne ɗan Najeriya, kuma yana cikin 'yan Afirka na farko da suka yi suna a fina-finan Ingila. An fi saninsa da fitowa a fina-finan kasada da ake shirya labarinsu a dazuzzukan Afirka.

Farkon rayuwa

An haife shi a Legas, ya yi karatu a makarantar Eko Boys' High School. Ya tafi Landan, inda ya yi ayyuka iri-iri don neman abinci kafin ya samu shiga wasan dandamali da fim.

Sana'ar fim

Ya fito a Sanders of the River (1935) na darakta Zoltan Korda, tare da mawaƙin Amurka Paul Robeson. Fim ɗin ya yabi mulkin mallaka, har daga baya Robeson ya nesanta kansa da shi. A Men of Two Worlds (1946) Martins ya fito a matsayin boka mai suna Magole, a The Hasty Heart (1949) kuma ya fito tare da Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya.

Bayan 1950 ne ya fi yin fina-finan daji: Where No Vultures Fly (1951), West of Zanzibar (1954), Simba (1955), Safari (1956) da Tarzan and the Lost Safari (1957), fim ɗin Tarzan na farko mai launi. Yawanci matsayin sarki, boka ko mai rakiyar Bature ake ba shi, domin a wancan zamani da wuya a ɗora baƙin ɗan wasa a kan jagorancin labari.

Komawa gida da rasuwa

Ya koma Legas a 1959. Ya fito a Kongi's Harvest (1970), wanda aka ɗauko daga wasan Wole Soyinka. Ya rasu a Legas yana da shekara 85.

Tasiri

Fina-finansa na daji ba su kai na Johnny Weissmuller shahara ba. A cikinsu ake ganin yadda kamfanonin Turawa suka siffanta Afirka, da irin gurbin da suka bar wa ɗan Afirka a gaban kyamara.