Rayuwar Robert Schuman, Lauya Kuma Ministan Faransa

An haifi Robert Schuman a Lukzambur ranar 29 ga Yuni 1886. Mahaifinsa mutumin Loren ne, yankin da Jamus ta ƙwace daga Faransa a 1871, saboda haka da takardun Jamus ya girma. Ya karanta shari'a a Bon, Munik, Balin da Sitarasbur, ya buɗe ofishin lauya a birnin Metz a 1912. Rasuwar mahaifiyarsa cikin hatsari a 1911 ta girgiza shi har ya yi tunanin zama firist, amma ya zauna cikin jama'a, bai yi aure ba, Misa kuwa ba ta cika wuce shi ba.

Da aka mayar wa Faransa yankin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya zama ɗan Faransa yana da shekara 32, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisa a 1919. Akwai tabo a tarihinsa wanda bai kamata mu ɓoye ba: a Yuli 1940 yana cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar damƙa wa Marshal Pétain cikakken iko. Wata biyu bayan haka 'yan sandan Hitila suka kama shi. Ya tsere a 1942, ya riƙa ɓuya a gidajen zuhudu.

Bayan yaƙi ya shiga jam'iyyar MRP, ta masu matsakaicin ra'ayi. Ya riƙe ma'aikatar kuɗi a 1946, ya zama firayim minista a 1947, sannan ministan harkokin waje daga 1948 zuwa 1953. 'Yan kwaminis sun sha yi masa gorin asalinsa a zauren majalisa.

Babban aikinsa ya zo ranar 9 ga Mayu 1950. Faransa da Jamus sun gwabza yaƙi sau uku tun 1870, makaman kuwa da kwal da ƙarfe ake ƙera su. Shi da Jean Monnet suka kawo shawarar a sa waɗannan albarkatu biyu ƙarƙashin hukuma guda, yadda babu mai iya tara makami a asirce. Mu a Funtua da Malumfashi, da muka san yadda gardamar burtali ko iyakar fadama ke kai ga zubar da jini, mun fi kowa sanin nauyin zama rumbu ɗaya da wanda ya ƙone maka gona jiya. Shekara biyar kacal ke nan da ƙarewar yaƙin, raunuka ba su warke ba. Ƙasashe 6 suka sa hannu a Faris a 1951, daga nan Tarayyar Turai ta tsiro.

Ya rasu ranar 4 ga Satumba 1963 a ƙauyen Scy-Chazelles, kusa da Metz. A Yuni 2021 Paparoma Francis ya amince da nagartar halinsa, mataki ne a kan hanyar sa shi cikin tsarkaka.