John Gibbon: Likitan da ya ƙera na'urar zuciya da huhu

An haifi John Heysham Gibbon a ranar 29 ga watan Satumba na shekarar 1903 a birnin Philadelphia na ƙasar Amurka, a gidan da aikin likita ya zama gado. Ya kammala Jami'ar Princeton a 1923, sannan ya samu digirin likita a Kwalejin Jefferson a 1927.

A farkon aikinsa, a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston, an sa shi ya kwana yana lura da wata mata da gudan jini ya toshe mata jijiyar huhu. An yi mata tiyata, amma rai ya yi halinsa.

Wannan rashi ne ya sa shi tunanin na'urar da za ta janye jini daga jiki, ta ba shi iskar oksijin, ta mayar da shi, domin zuciya da huhu su huta yayin da ake aiki a kansu.

Shi da matarsa Mary, wadda ita ce mataimakiyarsa a ɗakin bincike, sun shafe shekaru suna gwaji a kan kyanwoyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injiniyoyin kamfanin IBM suka taimaka masa aka inganta na'urar.

Jaririyar da ya fara yi wa aiki da ita a 1952 ba ta rayu ba. Amma a ranar 6 ga watan Mayun 1953, ya ɗinke wata kafa a zuciyar wata ɗaliba 'yar shekara 18, inda na'urar ta riƙe aikin zuciyarta da huhunta na tsawon minti 26. Ɗalibar ta warke.

Yara biyu da suka biyo baya sun rasu, abin da ya sa ya daina wannan tiyata. Likitocin asibitin Mayo ne suka ɗora daga inda ya tsaya a 1955.

Na'urar ta kuma sauya aikin likitocin da ke sa majinyaci barci. Da zarar huhu ya daina aiki, maganin da ake shaƙa ba shi da hanyar shiga jini, don haka sai a tura shi ta cikin na'urar ko ta jijiya.

Ruwan da ake cika bututunta da shi yana tsinka jini, ƙarfin magani ya ragu. Sanyaya jiki da ake yi kuwa yana rage buƙatar maganin, yana kuma jinkirta aikin hanta wajen sarrafa shi. Lokacin da ake mayar da ɗumin jiki buƙatar na ƙaruwa, kuma idan aka yi sakaci majinyaci na iya farkawa ana tsakiyar aiki.

A Najeriya, an fara irin wannan tiyata a 1974 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu. Yaron da ke buƙatarta daga Anka, Gummi ko Bukkuyum sai an yi doguwar tafiya da shi zuwa wani babban asibiti.

Gibbon ya yi ritaya a 1967. Ya rasu a ranar 5 ga watan Fabrairun 1973 yana cikin wasan tanis, sakamakon bugun zuciya. Yana da shekaru 69.