Tarihin marigayiya A'isha Falatiya, 'yar Sakkwatawan da ta buɗe wa mata ƙofar rediyon Umdurman

Duk fataken da ya taɓa zama shan shayi a Umdurman ko Khartum, da wuya bai ji sunan A'isha Falatiya ba. Sunanta na yanka A'isha Musa Ahmad. Laƙabin Falatiya kuwa daga Fallata ya samo asali, sunan da mutanen Sudan ke kiran Hausawa da Fulani da sauran 'yan yamma mazauna ƙasarsu.

Iyayenta Sakkwatawa ne da hanyar aikin Hajji ta bi da su Sudan, suka yada zango, zango ya zama gida. A Kassala aka haife ta. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Umdurman, a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani.

Tun tana budurwa ta fara waƙa a gidajen biki. Malam bai ji daɗin haka ba, ya yi mata aure ko za ta daina. Auren ya mutu, waƙa ba ta mutu ba. Daga baya wani kamfani ya ɗauki muryarta a faifan garmaho a Alƙahira, faya-fayan suka bazu a shagunan gahawa na Sudan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta riƙa yi wa sojojin Sudan waƙa a bakin daga.

Babban abin da ake tuna ta da shi ya faru ne a farkon shekarun 1940, lokacin da ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, wanda aka buɗe a 1940. Ƙanwarta Jidawiyya ce ke kaɗa mata garayar Larabawa. Masu sauraro sun yi na'am, amma wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa tashar. Ga gorin mace ce, ga gorin baƙuwa ce, har ta yi tunanin tattarawa ta koma Nijeriya.

Wani abin lura shi ne, akasarin baitocin soyayyar da ta rera maza ne marubuta suka tsara su. Amma ka tambayi mai shayi waƙar wa ce, sunan A'isha zai faɗa maka, ba na mai alƙalami ba. Ta rera da Larabcin Sudan, ta kuma rera da Hausa.

Ta rasu a 1974. Allah Ya jiƙan ta.