Uban Ɗanƙwairo Bai Kore Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tuna wa jama'a tarihin marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, musamman iyayen yara na nan Tambuwal da Kebbe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hali da ya yi yawa a ƙauyukanmu. Da zarar yaro ya tasa, aka ji yana rera waƙa ko yana buga gwangwani, sai uba ya ɗauko bulala, wai ɗansa zai lalace ya zama maroƙi. Amma uban nan da kansa, in an sa waƙar Ɗanƙwairo a rediyo ranar kasuwa, sai ka ga ya bar ciniki yana kaɗa kai.

An haifi Musa a Bakura, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, kuma yana yi wa Sarkin Ƙaya na Maradun kiɗi. Tun Musa bai fi shekara bakwai ba uban ya fara tafiya da shi wurin gayya, ya tsayar da shi cikin 'yan amshi. A cikin yaran uban akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da mutane sunka ji muryar Musa ta yi kama da tasa, sai anka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan ya bi shi har kabari. Jama'a ku duba, uba ne ya fara jin abin da Allah ya ajiye a maƙogwaron ɗansa, ya ja shi a jiki, ya nuna shi gaban manoma ba tare da jin kunya ba. A ganina wannan shi ne babban gadon da Ɗankwanda ya bar masa, ya fi gona.

Bayan rasuwar uban, wansa Abdu Kurna ya riƙe ƙungiyar, Musa yana Daudun kiɗi. Daga baya ya kafa tasa, ya zauna a Tsafe wurin 'Yandoto, kotsonsa ya kai shi har gaban Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Bayan kisan Sardauna a 1966 bai ajiye kiɗi ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, da sarakuna da dama. Shi ma ya sa 'ya'yansa cikin amshi kamar yadda anka yi masa. Ya rasu a 1991, lokacin Bakura da Maradun suna cikin Jihar Sakkwato, kafin a cire Zamfara a 1996. Allah ya jiƙansa.

Na san wani zai ce ai shi gado ya yi, mu ba gidan makaɗa ba ne. Gaskiya ne. To amma yaran gidan makaɗa nawa ne sunka tashi ba wanda ya san sunansu? Kuma ban ce a cire yaro daga makarantar allo ko ta boko ba.

Ina roƙon gidan Rediyon Rima ya ware lokaci yana karanta tarihin irin waɗannan mutane kafin a sa waƙoƙinsu, don iyayenmu na karkara su ji.

Wassalam.

Naku mai karatu kullum,
Daga Tambuwal, Jihar Sakkwato.